Demode: Yadda Fatauci Ya Haifi Kalma

Faransawa suna rubuta ta démodé, a baki kuwa "demode" ake cewa, kuma ma'anarta abin da aka daina yayinsa. Ba ruwanta da tsufa ko yagewa. Riga tana iya fitowa dal daga hannun tela, ko wanki ba ta taɓa gani ba, a dube ta a ce demode ce, shi ke nan an kashe mata kasuwa.

Tushenta mode, wato yayi, daga modus na Latin mai nufin ma'auni ko hanyar yin abu. Ɗan "dé" da aka liƙa a gaba aikinsa cirewa. Sai a ƙarni na 19 kalmar ta zauna a Faransanci, amma ɗabi'ar da ta haife ta ta girme ta nesa.

A zamanin Sarki Louis na 14, wanda ya yi mulki daga 1643 zuwa 1715, ministan kuɗinsa Colbert ya tsaya wa masaƙan siliki na birnin Lyon. Su kuwa suna fama da masu kwaikwayon zanensu a Ingila da Holan da Italiya. Dabarar da suka fito da ita ita ce sauya zanen yadi kowace shekara. Kafin mai kwaikwayo ya ɗaura zare ya gama saƙa furannin bara, Lyon ta riga ta fitar da na bana, nasa ya zama kwantai. A ganina nan ne gindin maganar. Ɗan kasuwa ne ya fara yanke wa tufa wa'adi, alhali da can sai ta mutu a jikin mai ita. Mujallar Mercure galant, wadda aka kafa a 1672, ta riƙa sanar da mutanen larduna abin da ake sawa a fada.

Sauran tarihin maimaici ne. Charles Frederick Worth, mutumin Ingila, ya buɗe gidan ɗinkinsa a Paris a 1858, a 1947 kuma Christian Dior ya fito da dogayen siket masu cin yadi, tufafin lokacin yaƙin duniya na biyu suka zama tsohon yayi.

Duk inda ɗinkin Paris ya shiga, kalmar ta bi shi. Turkawa da Farisawa sun are ta, ana jin ta a Larabcin Masar da Lebanon, ana kuma jin ta a Yamai da Maraɗi da Damagaram a bakin waɗanda suka yi boko da Faransanci. Yanzu ta wuce tufa, har waya da mota da ra'ayin mutum ana jifa da ita.

Nan ne nake ja da baya. A kira wuyan riga ko zanen atamfa demode, babu laifi, don dama yayi ne ya kawo su. Amma ra'ayi hujja ake kawowa a kansa, kuma wanda ya ce maka naka demode ne bai gaya maka inda ka yi kuskure ba. Ka tambaye shi.