Majajjawar Malam da Tashar Kano

Ranar Litinin, 21 ga Yuli 1969, malaminmu na kimiyya ya shigo aji a Rano riƙe da majajjawa, irin wadda muke korar tsuntsaye da ita a gonakin gero na Kibiya. A daren jiya rediyonsa ya shaida masa cewa kumbon Apollo 11 ya sauka a kan wata, kuma kafin asuba Neil Armstrong ya taka shi da ƙafa.

A gida kuwa kakata ta ce ƙaryar Nasara ce: watan da ake duba a ɗauki azumi, wa ya isa ya hau shi? Na zo makaranta zuciyata a rabe, domin ban san wanda zan gaskata ba.

Malam bai zagi tsofaffinmu ba. Fitar da mu fili ya yi, ya sa dutse a majajjawa, ya shiga wulwulawa. Ya ce, "Igiyar nan ita ce jan da ƙasa ke yi wa kumbo. Gudu na son ya tsere, igiya na riƙe da shi, sai ya yi ta kewayawa. Allah ne ya ɗaura igiyar, mutum lissafinta kawai ya gano."

Sannan ya faɗa mana abin da har yau Kanawa da yawa ba su sani ba. Hukumar NASA ta Amurka ta kafa tasha a Kano, ɗaya daga cikin tashoshin da ke bibiyar kumbunan shirin Mercury. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, da John Glenn ya kewaya duniya sau 3, Kano na cikin wuraren da suka yi magana da shi. A watan Agustan 1963 kuma, Shugaba Kennedy ya zanta da Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa ta tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2.

Daga baya ciwon ido ya ɓarke a Afirka ta Yamma, aka laƙaba masa suna Afolo. Kakata ta ce, "Ka gani ko? Sun taɓo wata, ga ƙura nan ta zubo." Malam ya ce ƙwayar cuta ce, mu riƙa wanke hannu.

Yau kowane yaro a Kibiya ya san Afolo, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa jin labarin tashar Kano. Ni dai a bakin mai majajjawa na ji shi.