Daga Ƙofar Bebeji Zuwa Dajin Falgore: Tarihin Dokar Bindiga

A farkon Fabrairun 1903, rundunar Birtaniya ƙarƙashin Kanar Morland ta fasa ƙofar Bebeji da igwa a kan hanyarta ta zuwa Kano, birnin da ya faɗi ranar 3 ga watan. Ba rashin jarumta ne ya kayar da mutanen Bebeji ba. An riga an yi musu shigo-shigo ba zurfi tun 1890, lokacin da ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burusal ta hana sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani. Ɗan ƙasa sai dai adaka da albarushi.

Wannan rabon ne ya gangaro cikin Dokar Bindigogi ta 1959, wadda Najeriya ke aiki da ita har yau. Ta kasa makamai uku. Manyan na yaƙi sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta mai harsashi tana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Ta ɗure, wato adaka da 'yan uwanta, Kwamishinan 'yan sandan jiha ne ke iya wajabta mata lasisi, da amincewar gwamna. Iyakar rabon jiha ke nan, domin Tsarin Mulkin 1999 ya ware makamai ga Tarayya kaɗai. Shi ya sa da Gwamna Bello Matawalle ya ce Zamfarawa su nemi bindiga a 2022, 'yan sanda suka ce ba a ɗage takunkumin ba da lasisi ba.

Dokar ta kuma ɗaure ciniki. Dillali sai mai rajista, kuma dole ya ajiye littafin da zai rubuta kowace bindiga da harsashin da suka shiga ko suka fita, da wanda ya saya. Ƙera bindiga ba izini laifi ne.

Sai dai a Doguwa da Tudun Wada, yankin dajin Falgore, bindigar mafarauci takan fito ne daga maƙera, ko ɗa ya gaje ta, ba ta taɓa ganin kanti ba. Da ɓarayin shanu suka mamaye Falgore wajen 2015, da bindigogin sumoga suka zo. Dokar ta tanadi littafi ga dillalin birni, alhali hanyoyin da bindiga ke bi zuwa wannan daji ba sa ratsa teburinsa.