Maganin ƙurajen fuska mai ƙarfi da masu ciwon hanji

Mene ne wannan magani?

Sunansa izotiretinoyin. Ana sayar da shi da sunaye kamar Roaccutane da Curacné. An fara ba da shi a Amurka a shekarar 1982. Dangin bitamin A ne. Aikinsa rage maiƙon da fata take fitarwa. Likita yana ba da shi ne ga mai manyan ƙuraje masu barin tabo, waɗanda suka gagari sauran magunguna. Akan sha shi wata 4 zuwa 6, tare da abinci, gwargwadon nauyin jikin mutum.

Wane ciwon hanji ake nufi?

Ana nufin kumburin hanji mai daɗewa, wanda yakan lafa kuma ya sake tashi. Iri biyu ne: ciwon Kuron, da gyambon babban hanji. Alamunsu zawo mai jini, murɗar ciki da rama. Kada ku ɗauka kowane zawo mai jini shi ne. A ƙasarmu sau da yawa atini ne, wanda ƙwayoyin cuta suke kawowa. Awo a asibiti ne yake bambanta su.

Shin maganin yana kawo wannan ciwo?

Wasu da suka sha shi sun kamu da kumburin hanji, shi ya sa aka rubuta gargaɗi a takardar maganin. Daga baya aka bincika lafiyar jama'a masu yawa, ba a tabbatar cewa shi ne sanadi ba. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta faɗi haka a 2024.

In kuna da ciwon, me ya kamata ku yi?

Ciwon hanji ba ya haramta muku maganin kai tsaye, amma sai da taka-tsantsan.

1. Ku gaya wa likitan fata ciwonku da duk magungunan da kuke sha. Wasu magungunan hanji, kamar furednizon, su kansu suna fito da ƙuraje.
2. Ku nemi likitan fata ya yi shawara da likitan da yake duba hanjinku.
3. Ya fi dacewa a fara lokacin da ciwon ya lafa.
4. Ku riƙa zuwa awon jini, don a duba hanta da kitsen jini.

In kun ga jini a bayan-gida, ko zawo mai tsanani, ko ciwon ciki mai ƙarfi, ku tsaida maganin, ku tafi asibiti a ranar.

Gargaɗi ga kowa

Mace mai ciki ba ta shan wannan magani ko kaɗan, domin yana nakasa jariri. Dole mace ta hana ɗaukar ciki wata 1 kafin ta fara, da duk lokacin shansa, da wata 1 bayan ta gama. Mai shayarwa ma ba ta sha.

Kada ku haɗa shi da dokisisikilin ko ƙwayar bitamin A. Kada ku ba da jini sai wata 1 bayan gamawa. Maganin yana busar da leɓe, musamman da hunturu; ku shafa man kaɗe.

Kada ku saye shi a bakin hanya, kada ku karɓi ragowar na wani. Ƙuraje suna jira, hanji kuwa in ya tashi ba ya jira.