Nasaran Da Ba Turawa Ba

Ina yaro a Birnin Kudu, idan aka ce Nasara, abin da ke zuwa raina shi ne Bature jajir mai gajeren wando. Balarabe kuwa ko ba a faɗa ba Musulmi ne. A haka na girma, har ranar da na kai wa wani ɗan Kwara kuɗin takardar ɗab'in littafina a Kano. Muna lissafi yana ta "Alhamdu lillahi", ya sunkuya sai ga ɗan gicciye ya leƙo daga wuyan rigarsa. Na ce, "Yallaɓai, yaushe Turawa suka juya ku?" Ya yi dariya, ya ce kakanninsa na bin Almasihu tun mutanen Ingila na bautar itatuwa. Na ji kunya, na kuma ji haushi, shi ya sa na koma bincike.

Ashe labarin ma yana cikin karatun da muka yi a zaure, mu ne ba mu lura ba. Mutanen ramin nan na Suratul Buruj, da yawa daga masu tafsiri sun ce Kiristocin Najran ne, waɗanda Sarki Zu Nuwas ya halaka a wajajen shekarar 523. Larabawa ne tsantsa. Haka Waraƙatu ɗan Naufal, ɗan'uwan Nana Khadija, haka Adiyyu ɗan Hatimu kafin ya musulunta. Sarakunan Gassan na Sham Kiristoci ne, birnin Hira na Iraƙi kuma cike yake da majami'u. Da tawagar Najran ta zo Madina, mutum sittin, Ibnu Ishaƙ ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya bar su suka yi ibadarsu a cikin masallacinsa. Wannan ruwaya na karanta ta ya fi sau biyar.

Farisa kuwa ƙasar masu bautar wuta ce, amma can ma addinin ya yi saiwa. Sarki Shapur na Biyu ya gallaza musu daga wajajen 340, don yana zarginsu da zama 'yan leƙen asirin Rumawa, duk da haka a 410 suka yi babban taronsu a Mada'in suka tsara shugabancinsu, kuma zuwa 635 masu wa'azinsu sun kai ƙasar Sin. Salmanul Farisi ta hannun irin waɗannan fada-fada ya bi har ya iso Madina. A zamanin Abbasiyawa, Hunainu ɗan Ishaƙ, mutumin Hira da ya rasu a 873, shi ne gwanin juya littattafan likitancin Girkawa zuwa Larabci. Har yau suna nan: shugaban Lebanon daga cikinsu ake zaɓa, majalisar Iran ta ware musu kujeru 3, na Mosul kuwa 'yan ISIS suka kore su a 2014 bayan zama na fiye da shekara dubu.

To, mai karatu, abin da ya fi tsaya mini a rai na ƙofar gidanmu ne. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wani Malam Ibrahim ya riƙa fifita Annabi Isa a wa'azinsa, alhali bai taɓa ganin ɗan mishan ba, daga Alƙur'ani ya ɗauko fahimtarsa. Aka tsire shi a kasuwa. Almajiransa, da ake kira Isawa, suka watsu, wasu suka nufi Ningi, wato maƙwabtanmu na kudu, waɗanda Gwaram da Birnin Kudu suka sha fama da harinsu. Isawan nan ba Kiristoci suka ɗauki kansu ba. Sai a 1913 ne wasu zuriyarsu suka je wurin Dakta Miller a Zariya, suka kafa zama a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna, waɗanda suka rage suka ƙarasa Wusasa.

Kwanaki a kasuwar Sara wani tsoho da muka yi cinikin gyaɗa ya ce mini sunansa Bulus. Hausarsa ta fi tawa gishiri. Saura ƙiris in tambaye shi asalinsa daga ina, sai ɗan Kwaran nan ya faɗo mini a rai. Na biya shi kuɗinsa, ya ce Allah Ya amfana, na ce amin.