Nipa: Baƙuwar Bishiyar Da Ke Cinye Dajin Angala Daga Kalaba Har Fatakwal

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ruwa daga Kalaba zuwa Oron ya ga wannan bishiya, ko da bai san sunanta ba. Ita ce ta jeru a bakin ruwa dama da hagu, ganyenta kamar na tukurwa ko na kwakwar manja, amma ba ka ganin kututture, sai ka ce ganyen daga cikin laka ya ɓullo kai tsaye. Ranar da na fara bin hanyar, na ce wa direban jirgin lallai ƙasarsu ta yi albarka, ko'ina kore shar. Sai ya ja tsaki, ya ce ai wannan koren shi ya kore musu kifi. Tun daga ranar na fara bin diddigin maganar, ga kuma abin da na tattara.

Sunanta nipa, masana kuma suna ce mata Nypa fruticans. Dangin dabino ce da giginya da goriba, sai dai ita a ruwa mai ɗan gishiri take rayuwa, wato inda kogi ke haɗuwa da teku. Asalinta yankin Asiya ne, daga bakin tekun Bangaladash zuwa Malesiya da Indunusiya da Filifin, har arewacin Ostareliya. Turawan mulkin mallaka ne suka kawo ta Kalaba a 1906 daga lambun tsirrai na Singafo, aka ƙara dasa ta a Oron a 1912. Ka ga ke nan ta riga haɗewar Kudu da Arewa ta 1914 zama a ƙasar nan. Niyyar ba muguwa ba ce: an so ta riƙe gaɓar ruwa ne don kada ƙasa ta riƙa zaizayewa. Yau ta mamaye bakin ruwa a jihohin Kuros Riba da Akwa Ibom da Ribas, ta tsallaka Kamaru har wajajen Duwala.

Kafin a gane ɓarnarta sai an san abin da take turewa. Dajin asali na waɗannan wurare shi ne na itacen da Turawa ke kira mangurob, mutanen Neja Delta kuma suna ce masa angala. Shi ne itacen nan da saiwoyinsa ke tsaye a waje kamar ƙafafu, suna lanƙwasowa daga jikinsa su nutse cikin taɓo. Najeriya ce ke da dajin angala mafi girma a duk nahiyar Afirka. Kuma ba iri ɗaya ba ne: akwai ja, wanda ya fi yawa a bakin ruwa, akwai fari da ke can baya inda ƙasa ta ɗan yi tauri, ga ƙananan tsirrai da ke raɓe da su.

Amfanin angala yana ƙarƙashin ruwa ne, inda ido ba ya kai wa. Tsakanin saiwoyin nan ƙananan kifaye da jatan lande ke ɓuya har su yi ƙwari, domin babban kifi ba ya iya kutsawa ciki. A jikin saiwoyin kawa ke maƙalewa. Ganyen da ke zubowa kullum yana ruɓewa ya zama abincin ƙaguwa da ƙananan dodon koɗin nan da ake kira isam, waɗanda mata ke tsinta idan ruwa ya janye. Itacen kuma yana ci da wuta sosai, shi ya sa masu banda suka fi son sa. A taƙaice ɗakin haihuwa ne, rumbu ne, kuma wurin yin itace ne, duk a wuri guda.

Nipa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kututturenta a kwance yake cikin laka, yana tafiya yana rabuwa biyu, kowane reshe ya fitar da ganyen da kan kai tsawon mita 9. Idan ta kafu sai ta yi cunkus, inuwarta ta rufe ƙasa, ɗan angalar da ya faɗo bai samun hasken da zai tashi. Babu saiwoyin da kifi zai shige, babu ganyen da ke zubowa a kai a kai, babu itacen da za a sara. Wurin da dā ake samun tsirrai iri-iri da halittu iri-iri sai ya koma abu ɗaya tilo, tun daga nan har inda ido ya tsaya.

Yadda take yaɗuwa kuwa abin mamaki ne. 'Ya'yanta a dunƙule suke, curi guda kamar ƙwallon ƙafa, launin ƙasa-ƙasa. Idan sun nuna sai curin ya wargaje, kowane ɗa ya faɗa ruwa ya yi ta yawo a sama, cikowar teku ta shigar da shi lungu, janyewarta ta fito da shi. Wani ma tun yana kan ruwa yake fara tsiro, da ya dafa laka sai kamawa. Ba mai shuka ta, ba mai ba ta ruwa.

Amma fa a yi mata adalci. A iya abin da na gani, nipa ba ta cika kutsawa cikin dajin angala mai lafiya ba, inda aka yi fili take samu. Wa ke yin filin? Mu ne. Masu saran itace don banda da gini, masu yashe ruwa don jirage su wuce, masu cike fadama don a yi gidaje, sai kuma uwa uba malalar ɗanyen mai. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 kan ƙasar Ogoni ya nuna yadda mai ya kashe angala a ƙoramun yankin. Inda angala ya mutu, laka ta zauna tsirara, kuma 'ya'yan nipa na nan suna shawagi suna jiran irin wannan wuri. Ɓarawo ne da ya tarar da ƙofa a buɗe.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu, mu da muka zo neman abinci? Da ruwanmu ƙwarai. 'Yan uwanmu nawa ne daga Bogobiri a Kalaba, ko daga Fatakwal, ke sayen bandar kifi da busasshen jatan lande a kasuwannin bakin ruwa irin na Oron suna lodawa zuwa Arewa? Yawancin kayan nan a gindin angala suka yi ƙuruciyarsu. Ba na cewa nipa kaɗai ke sa kaya tsada, akwai kuɗin man jirgi, akwai yawan kamu, akwai gurɓatar ruwa. Sai dai idan masunci ya ce maka yanzu sai ya yi nisa kafin ya cika kwando, wannan na cikin dalilan.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a can garinsu nipa dukiya ce. Da ganyenta suke rufin ɗaki da saƙa. Suna tatsar ruwa mai zaƙi daga sandar da ke ɗauke da 'ya'yan, su dafa shi ya zama sukari, ko su bar shi ya yi tsami ya zama ruwan tsamin girki. Sai an yi makonni ana bubbuga sandar kafin a yanke ta, in ba haka ba ruwan ba ya zuba. Cikin ɗanyen ɗan kuma akwai wani farin abu mai santsi da suke sa wa a kayan zaƙi a Singafo da Malesiya. Wato an kawo mana bishiyar, ba a kawo mana sana'ar ba. A can yanka da tatsa na rage mata ƙarfi, a nan kuwa kusan duk ɗan da ta haifa ruwa yake faɗawa. Wani abin dariya, masu nazarin duwatsu sun gano burbushin ƙurar furenta a ƙasar Najeriya mai shekaru miliyoyi, alamar ta taɓa zama a nan ta ɓace tun kafin a yi mutane.

Mutanen Legas su ma suna da tasu baƙuwar, wato ciyawar nan mai shuɗin fure da ke toshe hanyar jirage a Ikorodu. Mukan ce mata kainuwa, ko da yake ba ita ce kainuwar tafkunanmu na gida ba. Daga Kudancin Amurka take, ta shigo ta ƙoramar Badagry a 1984. Ita gishiri ne maganinta, shi ya sa take yin yawa bayan damina, ta mutu da rani idan ruwan teku ya rinjayi na kogi. Wanda ya fito daga Haɗeja ko Nguru kuwa ba sai an yi masa dogon bayani ba, ya san yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya tafiyar kogi.

Kawar da nipa aiki ne mai wuya. Idan ka sare ganyen kawai ka yi aikin banza, domin kututturen na nan cikin laka, zai sake tohowa. Sai an bi ana maimaita sara ko an tono shi, a kwashe 'ya'yan kafin su watse, sannan a dasa 'ya'yan angala nan take, a kuma riƙa zagayawa ana cire sababbin da ruwa ya kawo har dashen ya yi tsawon da zai yi wa kansa inuwa. Ana irin wannan dashe yanzu a ƙasar Ogoni, ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na tsabtace yankin. Ɗan angala dogo ne siriri kamar sandar ganga, tun yana jikin uwarsa yake tsiro, soka shi kawai ake yi a laka idan ruwa ya janye. Amma kafin ya zama itacen da kifi zai fake a gindinsa, sai an haƙura shekaru.