Me ya sa jirgin ƙasa bai taɓa kai mu Maraɗi ba? Zare 🧵

1/ Jiya ina Bakin Dogo ina cinikin tumatir, ƙafata a kan ƙarfen layin dogo, sai ƙanena ya turo min bidiyon wani saurayi da ya zagaya ƙasashen Turai da tikitin jirgin ƙasa guda ɗaya. Ya ce, "Yaya, mu yaushe?" Amsar tana ƙarƙashin takalmina. Ku biyo ni.

2/ Wannan tikitin, Interrail ake ce masa. Tun 1972 aka fara shi, yanzu yana aiki a ƙasashe fiye da 30. Ka karya kumallo a Faransa, ka kwana a Italiya. Mu kuwa babu jirgin fasinja ko ɗaya da ke fita daga Najeriya ya shiga wata ƙasa. Dalilin yana cikin tarihi.

3/ Layin Baro zuwa Kano ya iso Kano a 1911. A 1912 aka haɗe shi da wanda ya taso daga Legas. Gwamnan da aka fara aikin a zamaninsa, Percy Girouard, injiniyan dogo ne. Abin da Turawa ke so a fili yake: kaya su tashi daga Arewa su gangara teku.

4/ Auduga suka ƙwallafa wa rai, don masaƙun Ingila. Manoman Kano suka yi lissafi, suka ga gyaɗa ta fi riba, suka zuba ta. Daga nan dalar gyaɗa ta samo asali. Wato tun ranar farko, mutanenmu sun iya karkata dogon zuwa inda suke so.

5/ Kaduna ɗin nan tamu ma ɗiyar dogo ce. Lugard ya zaɓi wurin saboda ruwan kogi da layin jirgi, aka baro Zungeru aka dawo da hedikwata nan a 1917. Gadar ƙarfen da ke Gamji, a Zungeru aka fara kafa ta a 1904 kafin a kwaso ta. Ku je ku taka ta.

6/ Yanzu ku buɗe taswira. Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, 1929. Kano zuwa Nguru, 1930. Maiduguri sai 1964. Kowanne ya miƙe ya nufi iyaka, ya tsaya inda amfanin gona ke taruwa. Katsina fa? Babu. Sakkwato, cibiyar daula? Babu. Daura? Ko sanda ɗaya.

7/ Can ɓangaren Faransa ma haka. Layin da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936. Wani ma sunansa Abidjan-Nijar, amma a Wagadugu ya ja birki a 1954. Na Yamai zuwa Dosso da aka shimfiɗa shekarun baya, bai taɓa zama hanyar fasinja ta kullum ba.

8/ Kowace ƙasa dogonta na kallon tekunta, ya juya wa maƙwabci baya. Alhali kakanninmu a kwance suke tafiya, gabas da yamma da arewa: fatake da jakuna zuwa Gwanja ɗauko goro, ayarin raƙuma zuwa Agadas da Bilma ɗauko gishiri. Ba su san fasfo ba.

9/ Duk da haka sun ci moriyar abin da suka samu. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga Akara zuwa Legas, sannan jirgin ƙasa ya haura da shi Kano. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki.

10/ Alhazan da ma haka. Su taka ƙasa ta Barno da Chadi har El Obeid ta Sudan, inda dogo ya kai a 1912, su hau jirgi zuwa bakin Bahar Maliya. Wasu guzuri ya ƙare musu, suka zauna noma. Jikokinsu na Sudan har gobe, suna jin Hausa.

11/ To, yau fa? A Yulin 2016 aka buɗe sabon layin Abuja zuwa Rigasa, kilomita 186. Mun ji daɗinsa, mun kuma sha kuka: harin 28 ga Maris 2022 bai bar zukatanmu ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sai a Disamba jirgin ya dawo aiki.

12/ A 2021 aka ƙaddamar da aikin layi biyu: Kaduna zuwa Kano, da Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Wannan ne karo na farko da dogo zai bi sawun zumuncinmu ya tsallaka iyaka.

13/ Ku ƙiyasta tafiyar. Ka tashi Kaduna da safe, ka sauka Zariya ka ga masallacin da Babban Gwani ya gina. Kano: Kurmi, marinar Ƙofar Mata, Gidan Makama. Daura: rijiyar Kusugu. Katsina: hasumiyar Gobarau. Ka kwana Maraɗi.

14/ Kuma Maraɗi ba baƙon gari ba ce. Sarakunan Katsina na Haɓe da jihadi ya kora ne suka kafa ta a farkon ƙarni na 19. Shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Tarihi ɗaya ne iyaka ta yanka biyu.

15/ Amma kada mu yi saurin guɗa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, Najeriya ta rufe iyaka har Maris 2024. A Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS. Ƙarfe ba ya buɗe iyaka da kansa. In babu tsaro da fahimtar juna, ciyawa ce za ta hau shi.

16/ Na ce wa ƙanena: kada ka jira jirgi. Ka hau mota a Kawo ka je Zariya ranar Asabar, ka tambayi tsofaffin Sabon Gari yadda tasha take a da. Kuma mu riƙa tambayar wakilanmu inda aikin ya kwana, da waye zai tsare shi.

17/ Wanda kakansa ya yi aikin reluwe, ko ya taɓa hawa jirgin Legas daga tsohuwar tasha, ya ba mu labari a ƙasa. Tsofaffin nan suna tafiya, labarin na tafiya da su.