Soja da Tabar Wiwi: Daga Barikin Zariya zuwa Edgewood

Da wuya a ba da tarihin tabar wiwi a Nijeriya ba tare da an ambaci soja ba. A shekarar 1924 Turawan mulkin mallaka suka kafa barikin horar da kuratan soja a Zariya, wanda ake kira Depo, kuma a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi dubban 'yan Arewa cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma zuwa Indiya da Bama, wato Myanmar ta yau. Likitocin ƙwaƙwalwa irin su Tolani Asuni, wanda ya yi rubutu kan lamarin a 1964, sun danganta yaɗuwar wiwi da dawowar waɗannan sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa, ko da yake dokar miyagun ƙwayoyi ta 1935 ta riga ta ambaci ganyen, abin da ke nuna cewa ba a jakar soja kaɗai ya shigo ba.

A Amurka kuwa, hukumar soja da kanta ce ta ɗirka wa dakarunta wani sinadari mai kwaikwayon wiwi. A sansanin Edgewood da ke jihar Maryland, tsakanin 1955 da 1975, an gwada sinadarai iri-iri a jikin sojoji kimanin 7,000, cikinsu har da DMHP, wato wani sinadari da masani Roger Adams na Jami'ar Illinois ya harhaɗa a ɗakin bincike, yana kwaikwayon abin da ke bugarwa a cikin wiwi, amma ya fi shi ƙarfi da daɗewa a jiki. Saboda kaurinsa da launinsa aka yi masa laƙabi da jan mai, sannan aka ba wani nau'insa lambar EA-2233. Manufar ita ce a samu makamin da zai kashe wa abokan gaba jiki ba tare da ya ɗauki rai ba. Abin da likitoci irin su James Ketchum suka gani shi ne, ƙarfin gudun jini yakan faɗi ƙwarai, har ƙato ya miƙe tsaye jiri ya kwashe shi, kuma kasalar takan kai kwana biyu ko uku ba ta sake shi ba. Daga baya hukumar ta karkata ga wani sinadarin mai suna BZ.

An ce sojojin 'yan sa-kai ne, amma wanda aka kwaɗaitar da hutu da ɗan ƙarin kuɗi, ba a kuma faɗa masa sunan abin da zai haɗiya ba, amincewarsa ta fatar baki ce. Binciken majalisar dokokin Amurka a 1975 ne ya tona asirin shirin.

A cikin waɗannan shekaru ne, a 1966, gwamnatin soja ta Janar Aguiyi-Ironsi ta fitar da doka mai lamba 19, wadda ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ga duk wanda aka kama yana noman wiwi a Nijeriya.